AKWATIN ƘARFE NA AJIYA: YADDA AKE ZAƁENSA DA YADDA AKE KAFA SHI

In kaka ta yi, kuɗi suna shigowa ƙauye. Manomin Maraɗi ya saida wake da aya. Na Damagaram ya saida riɗi da gyaɗa. Na Tawa ya saida albasa. Makiyayi ya kai sa kasuwa, ya komo gida da kuɗi a aljihu. Waɗannan kuɗi su ne abincin bazara. Su ne irin shuka da taki, su ne magani, su ne kayan lakwal na yara.

To, ina kuɗin nan suke kwana? Wani ƙarƙashin katifa yake sa su. Wani cikin jinkar ɗaki yake soke su. Wani a tukunya yake zuba su, ya gina rami ya bisne. Wata cikin kwalla take ɓoye su tare da ƴan kunnenta na zinariya. Kowace shekara akwai gidajen da ke asarar wahalar damina guda cikin dare ɗaya. Saboda haka ya kamata a san akwatin ƙarfe na ajiya, wanda mutanen birni ke kira kofur-for da bakin Faransanci.

ABOKAN GABA HUƊU

Na farko shi ne ɓarawo. Ɓarawo ya san wuraren da mutane ke ɓoyo, don kusan kowa wuri ɗaya yake ɓoyewa. Katifa da adaka da kwalla su yake fara dubawa.

Na biyu ita ce gobara. Lokacin hunturu ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, mutane suna shiga ɗaka da garwashi don jin ɗumi. Ɗakin kara yana ƙonewa kafin a ɗebo ruwa daga rijiya. Birni ma bai tsira ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a shekara ta 1982, ba a gama sake gina ta ba sai 1987, kuma wuta ta sake kama ta a 2009.

Na uku shi ne ruwa. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidajen ƙasa da yawa sun rushe. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba na shekarar 2024. Kuɗin da aka bisne cikin ɗaki, ruwa ne ke fara isa gare su.

Na huɗu su ne gara da ɓera. Takardar kuɗin sefa da zaren auduga ake yin ta, gara kuwa tana cin ta kamar yadda take cin kara. Takardar da ta yage ko ta jiƙe ana iya kai ta babban banki, wato BCEAO, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, a duba ta don musanya. Amma wadda ta zama toka ko gari ba ta da magani.

ADAKA DABAN, AKWATIN AJIYA DABAN

Adakar kwano da ake sayarwa a kasuwa tana da amfani wajen tufafi. Amma kwanonta siriri ne, guduma da kurfi sun isa su buɗe ta. Kwaɗon da ke jikinta a waje yake, ana iya karya shi. Yaro ma yana iya ɗaukar ta a ka ya tafi.

Akwatin ajiya na gaske yana da alamu uku. Jikinsa ƙarfe ne mai kauri. Makullinsa a cikin ƙofa yake, yana tura sanduna na ƙarfe cikin jikin akwatin. Kuma yana da huda a gindi ko a baya, inda ake kafe shi da ƙasa ko da bango.

A sani kuma, babu akwatin da ba ya buɗuwa. Aikinsa shi ne ya ɓata wa ɓarawo lokaci, ya tilasta masa yin ƙara. Ɓarawo ba ya son jinkiri, ba ya son maƙwabta su farka.

ABIN DA ZA A SA CIKI

Kafin a je saye, mai gida ya zauna ya tara abin da yake son ajiyewa. Ga misali:

1. Kuɗin da za a yi amfani da su cikin ƴan watanni.
2. Zinariya da azurfa na mata.
3. Takardun haifuwa na yara da takardar aure.
4. Takardun gona da na fili.
5. Rasit na lanho da takardun bashi.
6. Takardun babur ko na mota, da littafin banki.

Takardun gona suna da muhimmanci ƙwarai. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, suna ba da takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta jingina, da ta gado. Ranar da rigima ta tashi kan iyakar gona, takardar nan ta fi kuɗi daraja.

Babbar takarda ta ofis tsawonta kusan santimita 30 ne, faɗinta 21. A nemi akwatin da za ta shiga ciki ba tare da an naɗe ta ba. A tafi kanti da takarda ɗaya a gwada. Akwati yana da girma a waje amma cikinsa ƙarami ne, musamman wanda aka yi don gobara. Gara ya ɗan yi yawa da ya kasa.

ABIN DA AKE DUBAWA WAJEN SAYE

Kaurin ƙarfe. A buɗe ƙofa a duba bakin ƙarfen. Akwatuna masu araha ƙarfensu milimita ɗaya ne ko biyu, sun naɗe bakinsa don ya yi kamar mai kauri. A nemi wanda jikinsa ya kai milimita 3 ko 4, ƙofarsa kuma ta fi haka. A ƙwanƙwasa shi da hannu. In ya yi ƙara kamar garwa, a bar shi. Araha ba ta ado.

Sandunan ƙofa. A juya makulli ƙofa tana buɗe, a ga sandunan da ke fitowa. Su zama biyu ko fiye, masu kauri kamar babban yatsa. A rufe ƙofa a duba gefenta. In akwai sarari da bakin ƙarfe zai shiga, ɓarawo zai ɓanɓare ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nauyi. Ƙaramin akwati na gida mutum ɗaya ko biyu suna iya ɗaukar sa. Ƙa'idar da masu ƙera akwatunan ajiya ke bi a Turai ta ce duk wanda bai kai kilo 1000 ba, sai an yi masa wurin kafewa. Ke nan akwatin gida, komai nauyinsa, kafe shi ake yi.

Jure wa wuta. Ƙarfe ba ya ƙonewa, amma yana ɗaukar zafi kamar tanda. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Takarda tana fara baƙi in zafi ya kusa digiri 200. Gobarar ɗaki kuwa tana wuce digiri 600. Saboda haka kuɗi suna iya zama gawayi cikin akwatin ƙarfe ko da wuta ba ta shiga ba. Akwatin gobara bangonsa biyu ne, an cika tsakaninsu da wani abu mai kama da siminti da ke tare zafi. A bayan ƙofarsa akwai ƙaramin allo da aka rubuta 30 ko 60 ko 120. Wannan lamba minti ce, wato tsawon lokacin da takarda za ta tsira cikin wuta. In babu allon nan, kada a ɗauki maganar mai kanti kawai. Akwai akwatin da ke jure wa wuta amma ƙarfensa siriri ne, akwai mai ƙarfi da ba ya jure wa wuta. Wanda ya haɗa duka biyu ya fi tsada.

IRIN MAKULLI

Makulli iri uku ne.

Akwai na mabuɗi. Shi ya fi sauƙi, ba ya buƙatar karatu, ba ya buƙatar pil. Aibinsa ɗaya: mabuɗi yana ɓacewa, ana kuma sace shi. A tabbata an karɓi mabuɗi biyu ranar saye.

Akwai na juyawa, mai lambobi a kewaye. Ana juya shi dama da hagu har a cika lambobin sirri. Yana daɗewa bai lalace ba, amma yana son haƙuri da ido mai kyau. Wanda ya koyi lambobi a makarantar yaƙi da jahilci ba zai sha wuya ba.

Akwai na dannawa kamar waya, mai aiki da pil. Yana buɗewa da sauri. Amma zafin ƙasar nan yana cinye pil, ƙura kuma tana shiga maɓallai. Ana canza masa pil ko sau ɗaya a shekara, kafin ya mutu. Irin wannan yakan zo da mabuɗin gaggawa. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su ajiye mabuɗin gaggawa cikin akwatin. Ranar da pil ya mutu sai a rasa hanya.

A ƙauyen da ke nesa da mai gyara, na mabuɗi ko na juyawa ya fi dacewa. In na lambobi ne, a canza lambar kanti ranar da aka kawo shi. Kada a sa 1234, kada a sa shekarar haifuwa ko lambar waya.

Wanda bai da halin sayen na kanti yana iya zuwa wajen mai walda. A sa shi ya yi akwati da farantin ƙarfe na milimita 4, ya sa makulli na ciki, ya huda gindi wuri huɗu. Irin wannan yana tsare ɓera da gara da ƙaramin ɓarawo, amma ba ya tsare wuta. In tsohon akwati ne aka saya hannun wani, a canza makulli, don ba a san mabuɗi nawa ke yawo ba.

WURIN DA ZA A KAFA SHI

A zaɓi ɗakin da baƙi ba su shiga. Kada ya zama zaure, kada ya zama inda ake hange daga ƙofa ko taga. Kusurwar ɗaki ta fi kyau, don bango biyu suna hana ɓarawo samun wurin sa ƙarfe.

A nisanta shi daga murhu, da randa, da inda ake ajiye man fetur ko kananzir. Ɗakin soro ko na kwano ya fi ɗakin kara. A duba inda ruwa ke zuba in ana ruwan sama, a kauce masa. A tuna har ina ruwa ya kai cikin gida a damina mafi tsanani.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Wanda ya kafe akwati a bangon ƙasa, ɓarawo zai jiƙa bangon ya cire shi, ko ya huda ta waje. Bulo mai rami a ciki shi ma ba ya riƙewa sosai. Domin haka a gidajen karkara ƙasa ake kafe akwati, bisa dakalin siminti.

YADDA AKE YIN DAKALI

Kayan aiki: buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, rairayi mai tsabta, tsakuwa, katako huɗu, da ƙusoshin ƙarfe huɗu masu zare, waɗanda ake ɗaurewa da noti. Kaurin ƙusa ya zama milimita 10 ko 12, daidai da hudar akwatin. A sa maƙeri ya lanƙwasa gindin kowace kamar ƙugiya.

1. A gina rami a kusurwar ɗaki, santimita 60 tsawo, 60 faɗi, 20 zurfi. In akwatin babba ne a ƙara, dakali ya fi shi faɗi ta kowane gefe. A daɓe gindin ramin.

2. A kewaye bakin ramin da katako mai tsayin santimita 15. Haka dakali zai ɗaga sama da daɓen ɗaki, ruwa ba zai taɓa akwati da wuri ba. Inda ambaliya ta saba shiga, a ƙara tsayi.

3. A kwantar da akwatin, a ɗora kwali a gindinsa, a yi alamar hudojin. A huda kwalin, a zura ƙusoshin. Wannan kwali shi zai nuna inda kowace ƙusa za ta tsaya.

4. A kwaɓa siminti: bokiti ɗaya na siminti, biyu na rairayi, uku na tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi.

5. A zuba kwaɓin, ana cusa sanda a ciki don iska ta fita. A nutsa ƙusoshin, ƙugiya tana ƙasa, zare yana sama kamar santimita 4 ko 5. In gindin akwatin mai kauri ne, a bar fiye da haka. A daidaita saman dakalin ya yi sumul.

6. A rufe shi da buhu jiƙaƙƙe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. A bari ko mako biyu kafin a ɗora akwati.

7. A shimfiɗa leda mai kauri ko guntun roba bisa dakali don raɓa. A ɗora akwati, ƙusoshi su shiga hudojinsa. A ɗaure noti daga ciki sosai. In an rufe ƙofa, babu mai iya kwance su daga waje.

Dakali irin wannan nauyinsa ya kai wajen kilo 300. Akwatin da mutum ɗaya ke iya ɗauka ya zama abin da mutum huɗu ba su ɗagawa. In ɗakin yana da daɓen kankare mai kauri, maso yana iya huda shi ya sa ƙusoshi masu buɗewa a ciki. Amma siririn daɓe na santimita 2 ko 3 ba ya riƙe komai. Akwatin gobara kuma ba a yi masa sabuwar huda, sai wadda aka yi masa tun daga masana'anta.

Bayan an gama, a ɓoye shi. A sa adakar tufafi a gabansa, ko a rufe shi da tebur da zane.

BAKI SHI KE YANKA WUYA

Akwatin da duk gari ya sani kiran ɓarawo ne. A shigo da shi cikin buhu ko cikin kaya. Kada a bar kwalinsa a ƙofar gida. In mai gida ya iya aikin siminti, ya yi da kansa tare da babban ɗansa. In ba haka ba, a nemi maso amintacce ya yi dakali kawai, mai gida ya ɗaure akwatin da hannunsa. Kada a buɗe shi gaban yara ko baƙi.

Amma sirri ma yana da iyaka. Mutum nawa suka rasu, iyalinsu ba su san inda kuɗi da takardun gona suke ba? Ya kamata mutum ɗaya amintacce, mata ko ɗa ko ɗan'uwa, ya san inda mabuɗi na biyu yake. A sa ƙaramin littafi ciki, a rubuta abin da ke na mai gida, da na matarsa, da amanar da wani ya ba shi, da bashin da ake bin sa. Rubutun nan yana kashe rigimar gado tun ba ta tashi ba.

In kuɗin ƙungiya ne, kada mabuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna hanya. Akwatinsu kwaɗo uku gare shi, mata uku ke riƙe da mabuɗai, wata daban ke ajiye akwatin. Ba a buɗe shi sai gaban taro. Wannan dubara ta bazu har ƙasashe da yawa.

KULAWA

Akwati rufaffe yana tara raɓa, musamman da damina. A sa kuɗi da takardu cikin leda mai kauri ko kwalba mai murfi, bayan an tabbata sun bushe. A buɗe akwatin sau ɗaya a mako ya sha iska. A ƙulle busasshen gawayi cikin tsumma a sa ciki, a riƙa shanya shi a rana. A duba gindin dakali ko gara ta yi hanya. In tsatsa ta fito, a kankare a shafa fenti. Waya da katin waya sun fi takarda saurin lalacewa da zafi, kada a dogara ga akwati domin su. Takardu masu muhimmanci a yi masu fotokofi, a ajiye a gidan wani ɗan'uwa.

KADA DUKIYA DUKA TA KWANA A GIDA

Akwati ba ya tsare kuɗi daga canjin takardu. A 2004, daga 15 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba, BCEAO ta janye tsofaffin takardun sefa samfurin 1992. Wanda bai kai nasa musanya cikin wa'adi ba, ya tashi da takardar banza. A watan Afrilu na 1984 Nijeriya ta canza launin naira, ta rufe iyakokinta, ta ba da ƙasa da mako biyu don musanya. Ƴan kasuwar bakin iyaka masu naira a gida sun ji jiki. Saboda haka mai ajiya ya riƙa sauraren rediyo.

Ga misalin lissafi. Manomi ya saida wake jikka 300. Yana buƙatar jikka 60 don hidimar wata biyu. Wannan ita ce ta akwati. Sauran jikka 240 sai su tafi banki, ko asusun ajiya da gwamnati ta yarda da shi, ko a saya hatsi da tumaki. In masifa ta faɗa wa gida, ba ta tafi da komai duka ba.

Magana ta ƙarshe ta fi sauran nauyi. A wasu garuruwan bakin iyaka ƴan bindiga suna shiga gidaje da dare. Akwati ba ya tare bindiga. In masu makami suka ce a buɗe, a buɗe, kashegari a sanar da mai gari da jandarma. Kuɗi ana sake nemansu. In da rai da rabo.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTA

1. Waɗanne ne abokan gaba huɗu na kuɗin da ke gida? Wanne ya fi yin ɓarna a wannan gari?
2. Don me ba a kafe akwati a bangon ƙasa?
3. In aka zuba bokiti 2 na siminti, bokiti nawa na rairayi da na tsakuwa za a zuba?
4. Mutum ya saida sa jikka 250, ya bar jikka 45 a gida. Nawa ya kai banki?
5. Wa ya kamata ya san inda mabuɗi na biyu yake?